Rumbun Alkama a Fuskar Kwamfuta

Marlys Friesen ba ta iya yar da abu ba. Shekara da shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙauye na Saskatchewan, har ta yi ritaya da kwamfutarta ɗaya tilo, wadda in ka kunna ta sai ka dafa shayi ka shanye kafin ta farka. Wata ma'aikaciyar laburare ce ta sa mata manhajar kyauta mara nauyi, irin tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, wadda 'yan sa-kai ke haɗawa. Tsohuwar kwamfuta ta koma ɗanya shakaf. Marlys kuwa ta tare a zauren intanet na masu amfani da manhajar, tana tambaya ba kunya, ana ba ta amsa ba gori.

Al'adar 'yan zauren ce in za a fitar da sabuwar manhajar, kowa ya turo hoto a kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci shi za a riƙa gani a fuskar kwamfuta. A shekarar ne aka ce za a rushe ƙaton rumbun alkama na katako da ke bakin layin dogo, inda yayanta Elmer ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna hatsi. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ɗauki hoton rumbun da hantsi, ta tura.

"Ke dai ba kya rabo da neman magana," in ji Elmer. "Ga duwatsu ga teku, wa zai zaɓi ruɓaɓɓen katako?"

"Yaya, kai ma ai ka ruɓe, ga shi ba mu yar da kai ba."

Hoton bai ci ba, na wani tafki ne ya kayar da shi. Amma an sa shi cikin waɗanda kowa zai iya zaɓa, da sunanta a ƙasa. Da babu gara ba daɗi. Marlys ta yi murna sosai, har ta gasa burodi ta raba wa maƙwabta.

Ranar rusau duk gari ya fita kallo, ban da Elmer. Da la'asar sai ga shi a ƙofarta, rungume da wata kwamfuta duk yanar gizo-gizo, idonsa jawur.

"Wannan ma za ta ɗauka?"

"Za ta ɗauka, Yaya."

"To sa min. Kuma kar ki kuskura ki sa min tafkin nan."