Totuwar Baffa a Bakin Tanki

Jama'a, yau saura ƙiris a farke min injin mota saboda totuwar masara!

Na ɗauko tumatir daga Kiru a motar Baffana, a-kori-kura mai shan gas. Kafin Kwanar Dangora ta mutu sau uku. In ta huta kaɗan sai ta tashi, in na taɓa tafiya ta sake shaƙewa. Ga rana, ga tumatir ya fara ruwa!

Wani bakanike ya zo, ko injin bai gama saurara ba ya ce, "Famfon mai ne ya mutu. Sai an kwance an kai Kano."

Na ce, "Malam, wane mataccen famfo ne yake farfaɗowa in ya huta?"

Ya ce, "Kai direba ne ko bakanike?" Har ya zaro sufana!

Na tare gaban motar. Na ce wallahi ba mai taɓa min ƙusa ɗaya.

Na zagaya wajen tanki. Ashe murfin ne ya ɓata, Baffa ya naɗe totuwa da leda ya toshe bakin tam, ya ɗaure da roba. Ba ta inda iska za ta shiga, ina mai zai sauko?

Ina zarewa tankin ya ja numfashi, fuuu! Na murɗa makulli, bugu biyu ta tashi.

Bakanike ya ce, "Sa'a ce kawai."

Na danƙa masa totuwar a hannu. Na ce, "Ga famfon nan, ka kai Kano."