Ranar da Malam Yahya Ya Ci Tuwo da Hagu

Sa'adiyya ta tashi a wani ƙauye kusa da Tofa, a gaban kakarta mai zanen ƙwarya. Ranar da ta gani a waya ana sassaƙa katako, a shafa masa tawada, a danna takarda hoto ya fito, kasa zama ta yi. Ta ce sai ta buga jerin hotunan hannayen mutanen garinsu: mai shuka, mai sussuka, mai tatsa.

Da mahaifinta Malam Yahya ta fara, yana cin tuwo bayan noma. Ta sassaƙa hotonsa a katako, ta shafa tawada, ta ɗora takarda, ta murza bayanta da cokali, ta ɗaga, ta ruga zaure da murna.

Ya duba ya ce, "Kama kam ta fito. Amma yaushe kika ga ina cin abinci da hagu?"

Ashe katako juya zane yake yi, ba kamar ƙwarya ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko sabon katako.

Yau duk manoman da ke jikin katakanta bahagwai ne. A takarda kuwa kowa da dama yake aiki, da dama yake ci.