Kalmar Sirrin Kawu Tela

Kawuna tela ne, kuma mai kunyar tsiya. Ko awon mace zai yi, sai ya miƙa mata tef ya juya baya. Shekara da shekaru yana tare da matarsa, wadda muke kira Inna, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Bayan rasuwarta wayarsa ta faɗa bokitin jiƙa yadi, ga saƙonnin muryarta duk a ciki. Mai gyara ya ce wayar ta mutu, amma an ci sa'a, akwai kwafi a ajiye da za a sauke a sabuwar waya, sai dai a kulle yake da kalmar sirri. Na ce to ya ɓalle mana. Ya yi min dariya. Wai kalmar ba a ajiye take ko'ina ba. Waya ce ke karɓarta, ta gauraya ta da wasu lambobi, ta yi ta markaɗawa har mabuɗi ya fito. Da gangan aka sa aikin ya yi nawa, don ɓarawo mai canke ya gaji. Harafi ɗaya ya kauce, mabuɗin ya zama wani daban.

Kawu ya ce shi ya manta. Muka cika masa shago, 'ya'ya da jikoki, kowa ya zama boka. Aka gwada sunan auta, ranar auren Kawu da Inna, har sunan kyanwar gidan. Shi kuwa yana ta taka keke abinsa.

Can na lura da wani abu. Kafin wayar ta gama markaɗenta, sai in ji ya ce ba ita ba ce. Wanda ya manta, ina ya san ba ita ba ce? Na kora kowa waje.

"Kawu, ka san ta," na ce.

Ya daɗe yana warware zare. Ashe idonsa ne ba ya ganin ƙananan haruffan sabuwar wayar, kalmar kuma sunan da yake kiran Inna da shi ne in sun kaɗaita. Ya raɗa min, ya sa na rantse. Na so in yi dariya, tausayi ya hana ni.

Na rubuta, muka jira, ta buɗe. Muryar Inna ta cika shagon tana mita, wai kowa ya sami ɗinki sai ita matar tela.

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Na gama mata," ya ce. "Maɓalli kawai ya rage."