Malam Rufe-Ido da Yatsun Babana

Kafin ƙarfe bakwai yake isa ɗakin gashin ƙashi, can ƙarshen barandar asibiti. Sai ya buɗe tagogi, ya goge dogayen ƙarafan nan biyu da marasa lafiya ke dafawa suna koyon tafiya, sannan ya jera kayan aikinsa a kan teburi: kofin roba, cokali, mataji, da wata tsohuwar riga mai maɓallai shida. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a asibitin. Daga masu shara har manyan likitoci, Malam Rufe-Ido suke ce masa.

Ga inda sunan ya samo asali. Duk wanda aka turo masa a keke da shanyayyen hannu ko ƙafa, ba ya fara taɓa shi. Zai ja kujera ya zauna, ya ce, "Rufe ido. Me kake so ka yi da hannun nan?" In mutum ya ce so yake ya warke, sai Malam ya girgiza kai. "Warkewa ba ta da hoto. Faɗa mini abin da zan iya gani." Idan ka ce cokali kake so ka kai baki, to sai ka gan shi a zuciyarka, ka ji nauyinsa, ka ɗaga shi a hankali har ya isa, alhali hannun na kwance a cinya. Minti goma ana haka, sannan a shiga motsa jiki na gaske, wanda ke sa ƙato kuka.

Wata nas da ta yi shekara sha biyu tare da shi ta ba ni labarin wata tela da ta yi wata huɗu tana zura zare a allura da ido rufe. Ranar da ta zura na gaske, Malam ya ce ya manta makulli a waje, ya fita. Nas ɗin ta leƙa ta gan shi jingine da bango yana share ido da hular kansa. Gwanin haƙuri ke nan, wanda ko hotonsa babu a bangon asibitin.

Ni dai ban cancanci rubuta wannan jinjina ba, kuma gara in faɗi dalili da bakina.

Babana kafinta ne. Hawan jini ya kayar da shi a shagonsa, ɓarin dama ya shanye. Da Malam ya yi masa tambayar nan tasa, Baba ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Zarto." Abin da yake so ke nan a duniya, ya sake riƙe zarto ya yanka katako da kansa. Kullum sai su zauna su biyu, Baba ido rufe, Malam na tambayarsa wane irin katako ne, ina ya dafa da hagu, yaya ƙarar take.

Ni kuwa, da ɗan karatuna da dogon bakina, ina tsaye a bakin ƙofa ina cika ina batsewa. A mako na biyar na kasa daurewa.

"Malam, wai gashi muka kawo shi ko barci?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "'Yata, aiki yake yi. Dubi goshinsa."

Zufa ce a goshin, na gan ta sarai, amma na riga na yanke hukunci. Na ce wannan ai wasa da hankali ne. Na ɗauke Baba na mayar da shi wani wuri mai injuna masu fitilu da wayoyi. A mota ya juyo ya ce, "Auta, ban gama yankan ba." Wallahi dariya na yi. Har a gida, in na gan shi ya rufe ido yana motsa leɓe, sai in ce, "Haba Baba, bar abin nan, kada baƙi su ce ka zare." Ya bari, don ba ya son ɓata mini rai.

Wata bakwai muka yi a can. Za a manna masa wayoyi, a kunna inji, a tafi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me yake so ya yi da hannun. Hannun ya ƙanƙance, yatsu suka naɗe cikin tafi, Baba ya daina tambayar labarin shago.

Ranar da na mayar da shi wurin Malam, kunya ta hana ni ɗaga kai. Na shirya jin gori, amma Malam ko kallon banza bai yi mini ba. Ya ja kujerarsa ya ce, "Kafinta, a ina muka tsaya?"

Baba ya ce, "Tsakiyar katako."

Shekara guda suka yi suna fama. Babban yatsa ya buɗe, na kusa da shi ya biyo, sannan na tsakiya. Biyun ƙarshe suka ƙi har yau. Da yatsa uku ana riƙe fensir, don haka Baba ya koma shago yana awo yana jan layi. Zarto kuwa sai da hannu cikakke.

Makon jiya na je na tambayi Malam abin da ya daɗe yana cin raina, wato shin da ban ɗauke Baba ba, da yatsun nan biyu sun buɗe? Na so ya yi mini ƙarya. Sai ya ce, "Wannan sanin na Allah ne. Amma a mako na biyar ɗin nan, ƙaramin yatsan ya fara motsi."

Malam, kai ne ka ga babana tsaye a shagonsa lokacin da mu 'ya'yansa keken kawai muke gani. Kai ne ka karɓe shi sau biyu da fuska ɗaya. Na gode, kuma ka yafe mini. Allah ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, ku koyi jan kujera ku zauna ku tambayi mutum abin da yake so. Masu jinya irina, in kun ga naku ya rufe ido yana zufa, ku kama bakinku.

Baba na yi maka kujera ta zaman ritaya, ya ce kada in faɗa, ga shi na faɗa. Shi ya zaɓi katakon, shi ya ja kowane layi. Maƙwabcinsa ne ke yankawa, Baba na zaune yana kallo. Da na yi shiru a lokacin, wataƙila da yankan ma nasa ne.