Motar da Ke Rawa a Tamanin

A ƙarshen mulkin soja, lokacin da ake ta maganar mayar da mulki ga farar hula, ina sayar da katako a kasuwar Katako da ke Jos, gidana kuma yana Kwararafa. Ina da wata ƙaramar mota fara, wadda na saya a hannun wani ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki. A kan motar nan na ɗauki alhakin wani bawan Allah, na ɓata masa suna sati uku cur. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Mutumin mai faci ne a Farin Gada, dattijo, ɗan asalin duwatsun nan, Kirista. Ya yi aikin kuza tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi. Baba muke ce masa. Rumfarsa kwano huɗu ce, da rabin duro cike da ruwa, da famfon ƙafa. Direbobin da ke sauke tumatir da kabeji su ne abincinsa, mu ma 'yan Katako muna kai masa aiki, don ba ya ha'inci.

Wata Laraba da damina na kai masa motar, saboda tayoyin gaba suna sacewa, kullum da safe sai an ƙara iska. Ya kwance duka huɗun. Kafin ya raba kowace taya da wilinta, sai ya ja layi da alli daga robar zuwa ƙarfen, in ya gama ya mayar da layin ya haɗu daidai. Na gani, ban tambaya ba. Ya yi facinsa, ya kankare jar lakar da ta daskare a wilin, ya ɗaure, na yi godiya na tafi.

Da na iso gida na ce bari in ƙarasa wankin da kaina. Wata bakwai ina da motar, ban taɓa durƙusawa na dubi ƙafafunta ba. Sai ga wasu 'yan ƙarafa masu launin toka maƙale a bakin wilin, wani kamar ɗan yatsa, wani rabin haka. Na ce lallai tsufa ya fara kama Baba, ya soka abin da yake dannawa ya ɓanɓare taya, ya manta bai cire ba. Na ɗauko sukundireba na bi su ɗaya bayan ɗaya. Guda biyar na cire.

Da na jinjina su a hannu na ji nauyi, ashe dalma ce. Ni kuwa ina da al'ada, bayan sallar asuba kafin in fita kasuwa, nakan zauna a zaure ina sake kwafar waƙoƙin wa'azin da mahaifina ya bari da ajami, domin takardunsa sun fara cinyewa. Warwatse suke, ba ɗinki. Iskar Jos kuma in hadari ya taso ba ta sallama, sai dai ka ga shafi ya bi ƙofa. Na ɗora dalma a kan kowane tari. Ba ta da girma, ba ta ɓata takarda, ga nauyi. Har na ji daɗin mantuwar Baba.

Ran Asabar muka kama hanyar Bauci ni da maiɗakina, za mu gaida yayata. Ni ba mai gudu ba ne, amma da muka fita gari hanya ta miƙe, na ɗan taka totur. Allurar maleji tana taɓa tamanin sitiyari ya fara karkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Madubi ya daina nuna komai sai hazo. Murfin kwanon dambun da muka ɗauko ya shiga kaɗawa a baya. Na ɗaga ƙafa, allura ta sauko saba'in, sai tsit, kamar ba a yi ba. Na sake takawa, ta sake. Sau huɗu na gwada, har maiɗakina ta ce in dai so nake in tabbatar, ita ta tabbatar, in bari mu isa da ranmu.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in koma wurin wanda ya taɓa tayoyin in tambaye shi. Ban koma ba. Ran Litinin, a bencin da muke zama bayan azahar a Katako, mu wajen goma har da direbobi biyu masu ɗauko mana kaya, na ce tun da Baba ya taɓa motata ta lalace. Na ƙara da cewa idonsa ya fara rauni, har kayan aiki yake mantawa a jikin wili. Da dariya na faɗa. Kafin la'asar maganar ta riga ni zuwa Farin Gada.

Daga nan na shiga hannun masu sani. Makaniken farko ya buɗe gaban mota ya kasa kunne ga inji, alhali na gaya masa sau uku cewa injin lafiyarsa ƙalau. Ya zagaya da ita cikin gari, inda ko arba'in ba a kaiwa saboda masu kekuna da 'yan amalanke, ya dawo ya ce shi bai ji komai ba, wataƙila hannuna ne ke rawa. Na biyu ya danna gaban motar da gwiwa, ya ce shokazoba ce, wato abin da ke tare girgizar mota. Aka canza. Na fita hanyar Zariya na gwada, tamanin na cika ta kama rawarta, har na ga kamar ta ƙara ƙwarewa. Na uku ya ɗaure duk wani noti da hannunsa ya kai, ya ce in ta sake yi, to, daga titi ne. Na ce titin Bauci da na Zariya duka suka haɗa baki a kaina? Ya ce Oga, ai kamfani ɗaya ne ya yi su, mai yiwuwa.

A gida ma ban huta ba. Surukina ya ce mota fara ba ta son gudu, kowa ya sani. Wani maƙwabcina ya ce baki ne, in yi sadaka. Na yi sadakar, don sadaka ba ta faɗuwa, amma na san ba a taɓa jin bakin da ke jiran allura ta kai tamanin ba. Har rubutawa na riƙa yi a bayan wata takarda: rana kaza, hanya kaza, ta fara a tamanin, ta lafa a saba'in. In na gama in danne takardar da dalma in tashi.

A cikin sati na uku, wata Alhamis bayan la'asar, ina zaure na ji sallama. Baba ne, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tako tun daga Farin Gada da gwiwar nan tasa. Na shimfiɗa masa buzu, aka kawo ruwa, bai sha ba. Ya ce kwana goma sha ke nan babu motar Katako ko ɗaya da ta tsaya a rumfarsa, direbobin kayan gwari ma sun fara wucewa gaba.

"Malam, motan ka yana rawa, ka zo ka gaya mini? Ba ka zo ba. Ka je ka gaya wa kasuwa."

Na fara kame-kame, ina cewa ai ni abin da na gani na faɗa. Sai na lura ba ni yake kallo ba. Idonsa yana kan takarduna. Ya miƙa hannu ya ɗauki dalma guda, ya juya ta, ya dubi ɗan maƙallin da ke bayanta.

"Ina ka samu wannan?"

Na ce ai kayansa ne da ya manta a wilina, na ma yi niyyar mayar masa.

Ya mayar da dalmar inda ya ɗauke ta. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ba a son a kunyata. Babu tayar da nauyinta yake daidai ta kowane gefe. A babban gareji akwai injin da ke juya ta ya nuna inda ta yi sauƙi, sai a maƙala dalma a wurin. Mai motar na farko ne ya sa aka yi. Shi ya sa shi Baba yake jan layin alli, don kada ya ɓata awon da ba shi da injin gyarawa. In aka cire dalmar, a tafiyar gari ba za a ji komai ba, sai taya ta yi saurin da gefen mai nauyi zai riƙa fizgar ta.

"Sati uku kana neman ciwon mota," in ji shi, "ciwon yana zaune a kan karatun ka."

Na yi salati a zuciyata. Haushin makanikai uku da na surukina da na maƙwabcina duk ya tattaru ya dawo kaina. Na roƙe shi gafara. Ya ce wannan mai sauƙi ne, mu fara da motar.

Muka fita ƙofar gida. Ya durƙusa da ƙyar, yana bin bakin kowane wili da yatsa. Inda dalma ta daɗe a zaune ta bar tabo, ga kuma ƙarzar sukundirebana a gefe. Yana gwada tsawon kowace da tabonta, in ta dace ya buga ta da ɗan hamarsa. Huɗu suka koma. Ta biyar muka nema muka rasa. Na ɗaga kowace takarda, na zazzage gafaka, maiɗakina ta share zauren sau biyu. Har yau ban san inda ta shiga ba.

Washegari da hantsi na ɗauke shi muka hau hanyar Zariya. Tamanin ta wuce lafiya. Sai wajen casa'in na ji 'yar tsuma kaɗan a tafin hannuna, ya ce wannan ta ɓatacciyar ce, sai na kai ta inda inji yake. Da muka juyo na sake ba shi haƙuri. Ya ce shi ya yafe tun jiya, amma ba a cikin mota na ɓata shi ba.

"Inda ka faɗa na farko, can za ka faɗa na biyu."

Ran Litinin bayan azahar na tsaya a gaban bencin nan, da shi a gefena, na faɗi komai tun daga sukundireba har zuwa takardun mahaifina. An yi mini dariyar da ban taɓa shan irinta ba. Wata guda ana tambayata ko akwai sauran abin da zan cire a motar in danne karatu. Na haɗiye, don na ci bashin abin da ya fi haka a bakin nan nawa.

Mutanen Katako sun koma wurinsa a hankali. Amma direbobin nan biyu ba sa nan ranar da na warware maganar, kuma sun riga sun saba da wani mai faci a gaba. Na bi ɗaya har tasha na yi masa bayani, ya ce to, Allah ya kyauta, bai kuma koma ba. Ɗayan ban sake ganinsa ba. Duk lokacin da na bi ta Farin Gada na hangi Baba zaune a kan tsohuwar taya babu aiki a gabansa, sai in rage gudu in ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga. Takardun kuwa, tun ranar da duwatsun bayan gida nake danne su.