Mani da Kajin da Ba Sa Ƙoshi

Ranar da kaza ta figi gemun Mani, duk unguwa sai da ta fito, an ɗauka maciji ne ya sare shi. Ya sunkuya zuba abinci ke nan wata ja ta cafki gemun, ta tsige iya rabonta, ta haɗiye a gabansa. Mako guda yana zuwa masallaci da rawani, mutumin da ko hula sai Juma'a.

Shekara goma sha takwas ya yi yana kwandasta tsakanin Gezawa da Kano, har gwiwa ta ce ta gaji. Ya dawo gida, ya lallaɓa matarsa Lauratu aka sayar da tumakinta, ya zuba kaji masu ƙwai ɗari biyu. Shekarar farko har wuya ya ajiye. Ta biyu ruwa ya ɗauke masara tana goyo, abin da ya shiga rumbu bai taka kara ya karya ba. Da yake shi ke haɗa abincin kajin da kansa, sai ya rage masara, ya cire waken suya, ya cike gurbin da dusa. Wai ciki ai ciki ne.

Kajin ba su yarda ba. Buhun mako ya koma na kwana huɗu, suna ci kamar fara, ƙirji kamar wuƙa. Ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, har mai shayi ya tambaye shi ko tantabaru ya koma kiwo. Sai suka fara cin gashin juna, daga gashi suka kai ga tsoka. Kullum da safe Mani zai fito da matattu biyu ko uku, ya binne bayan danga.

Yana cikin haƙa rami wata safiya Malam Tahir, tsohon malamin gona, ya leƙo ta kan danga.

"Mani, kaza ba cika ciki take nema ba, ƙarfi take nema. Dusa ba ta da shi, shi ya sa suke ci ba sa ƙoshi. Ƙwai kuwa da wake ake gina shi. Ka mayar musu da masararsu, in ba haka ba kafin damina ka binne ta ƙarshe."

Mani ya dogara da fartanya, ya dubi rumbu.

"Na ji, Malam. Masarar tana nan, buhu biyu. Shigo ka gaya wa Lauratu da yara bakwai daga yau kaji ne da tuwo, su kuma su koyi yin ƙwai."