Murhun bulo huɗu da muciyar Inna

Yau na ga murhun bulo a bakin hanya, sai na tuna gidanmu a Allakaye, shekarun casa'in.

Lokacin Innata har bayan tsauni take zuwa neman icce, ta dawo ƙafa duk ƙaya. Ni kuwa magini ne. Na samo bulon siminti huɗu na jera su, rami ɗaya na tura kara, ɗaya wuta ta bi ta hau ƙarƙashin tukunya. Da karan dawa kaɗan ruwa ya tafasa.

Ina ta hura hanci, Inna ta dubi tsawon murhun, ta miƙo mini muciya.

"To injiniya, tuƙa mana."

Juyi biyu tukunya ta goce, saura ƙiris tuwon gidan duka ya kife.

Ta ce, "Wutarka ta yi, ɗana. Amma mai tuƙa tuwo zaune take."

Na haƙa rami na saukar da murhun, na yi wa tukunya mazauni da laka. Daga ranar, zuwa tsauni ya koma sau ɗaya a mako.

Har gobe ba na gina wa mutum abu sai na ga yadda yake aikinsa. Ku fa, wa ya taɓa miƙo muku muciya?